Injin Zibrim Da Ba Ya Kwanciya

A Salaga akwai mutanen da in suka ce maka gari ya waye, gara ka leƙa waje tukuna. Zibrim ne shugabansu. Ba zan kira shi maƙaryaci ba, domin maƙaryaci ya san inda gaskiya take, kauce mata yake yi. Zibrim ko unguwarta bai sani ba.

Ɗan gidan fatake ne. Kakanninsa sun yi fataucin goro, babansu ya koma doya, ya rasu ya bar shago guda a bakin tasha, mai ƙofar ƙarfe da wutar lantarki. Babban wansu Alhaji Mahama ke riƙe da gida. Yayarsu Asiatu, mai sarin kifi daga Makango, ta daɗe tana neman shagon don ta kafa firiza. Ana cikin haka sai ga Zibrim ya dawo daga Akra da tsohuwar laftof, da tabarau marar magani, da sabon suna. Ya ce daga yau Injiniya za a riƙa kiransa, don ya yi aiki a ɗakin injuna na wani babban banki. Waɗanda suka gan shi a can sun ce lalle yana shiga ɗakin, ɗauke da goran ruwan sha na ma'aikata.

Ya tara 'yan gida ya yi musu bayani. Ya ce akwai wani ƙaton inji mai suna menfirem, girmansa ya kai ɗaki, da shi manyan bankuna ke aiki. Shi kuma ya samo emuleta, wato manhajar da ke sa ƙaramar kwamfuta ta yi kwaikwayon wannan ƙaton. Da shi zai haɗa fataken Salaga da Yendi da Bawku, mai doya yana zaune a rumfarsa ya san wace mota ce za ta dawo daga Bawku ba kaya. Abin da yake bukata kawai ofis ne. Ya faɗi haka yana kallon makullin shagon.

Asiatu ta tambaye shi ko waya ta daina aiki ne, tunda ita da waya take sanin motar da za ta dawo. Ya ce maganar manyan injuna ba ta masu ƙarnin kifi ba ce.

Alhaji Mahama mutum ne mai son zaman lafiya da barcin rana. Ya yanke hukunci don a bar shi ya huta.

"Ƙungiyar fatake za ta yi taro a Bawku da kaka. In sun karɓi injinka, shago naka ne. In sun ƙi, ka miƙa wa Asiatu makulli. Kafin nan ka zauna a ciki."

Shi wannan emuleta, baƙin allo yake buɗe maka, ana ce masa konsol, a nan kake rubuta umarni. Ka rubuta attach, ka bi shi da lambar faifai da sunansa, ka haɗa wa injin faifan ke nan. Ka rubuta devlist, ya nuna maka abin da ka haɗa masa. Ka rubuta ipl da lambar faifan da ya dace, ya tashi. Sai dai duk abin da ka gaya masa a konsol, yana riƙe da shi ne muddin yana kunne. Da an kashe shi ya manta. Don haka masu hankali ke zuba saitinsu a cikin fayil, injin ya karanta da kansa duk lokacin da aka kunna shi.

Zibrim ya ji wannan gargaɗin. Ya je teburin mai shayi ya yi masa dariya. Ya ce fayil na 'yan koyo ne, kakanninsa sun kai goro har Kano ba takarda, kansa ya ishe shi.

Damina guda ya yi yana buga umarni. Ya kalli rabin wannan bidiyon, ya tsallaka rabin wancan, ya cike sauran da cinke. Ya haɗa, ya cire, ya sake haɗawa da wata lamba. Wata ranar kasuwa, yana cin wake da shinkafa da hannu ɗaya, sai allon ya koma kore, injin ya yi masa maraba, ya nemi ya rubuta sunansa. Ya yi kabbara har mai faci na maƙwabta ya rugo. Da ya natsu sai ya gano cewa a cikin dubban abubuwan da ya buga, shi kansa bai san wanne ne ya tashi injin ba.

Wani mutum da sai ya ji tsoro ya yi shiru. Zibrim fita ya yi ya sa aka rubuta allo a ƙofar shago: INJIN DA BA YA KWANCIYA. Ya riƙa gaya wa mutane menfirem ba ya barci, kashe shi raini ne, amma ko da an kashe, shi da harafi uku zai tashe shi ido a rufe. Wannan maganar ta harafi uku ta yi masa daɗi a baki, har ya riƙa faɗin ta ko ba a tambaye shi ba. Direbobi suka ɗauke ta suka kai Yendi, suka kai Bawku.

Laftof ɗin kuwa ta tsufa. In aka rufe murfinta, mutuwa take. Batirinta ba ya wuce tsawon shan kofin shayi, in shayin bai yi zafi sosai ba. Kuma zamanin dumso ne, wato yawan ɗauke wuta, wuta tana zuwa kamar baƙuwar da ta bar tukunya a kan murhu.

Ranar da wuta ta fara ɗaukewa da rana tsaka, mutanen kasuwa suka ga Injiniya ya fito a guje da faranti a ka, laftof a buɗe a kan farantin, igiya tana ja a ƙasa. Wata tsohuwa ta tsayar da shi ta tambayi nawa-nawa yake sayarwa. Ya faɗa shagon wanzami mai janareta, ya zare igiyar injin aski ya soka tasa. Malamin da ake wa aski ya zauna da rabin kai har la'asar, yana ta jero wa Zibrim asalinsa. Zibrim ya ce masa wata rana zai gaya wa jikokinsa cewa kansa ya taimaki ci gaban ƙasa.

Bayan wannan ya cire batirin motokin ɗin Alhaji, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake dakon doya da shi, ya ɗaura wa injin. Doya ta kwana a gona. Alhaji ya rasa barcin rana, abin da bai taɓa yafe wa kowa ba.

Asiatu ta shigo shagon tana auna bango da taƙi, wai tana duba inda firiza za ta zauna. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ƙanena, kashe shi mana mu ga harafi ukun nan."

"Yaya, ba a tashin zaki don a nishaɗantar da mai kifi."

"Zakin da ake gudu da shi a faranti?"

Ya ce ta fita kada ƙarni ya shiga faifai.

Lokacin tafiya ya yi. Shirin shi ne su biya Yendi su gaida mataimakin shugaban ƙungiya, su kwana, su wuce Bawku. Alhaji ya ce Asiatu ta bi shi a matsayin shaida, tunda dama za ta sayo albasa. Zibrim ya kama wa injin kujerar gaba ta kusa da direba, shi ya durƙusa a ƙasa yana riƙe da murfin kada gargada ta rufe shi. Batirin motokin ya ƙare kafin Bimbila. Ya lallaɓi direba ya soka igiyarsa a jikin mota. Da aka tsaya sallah direba ya kashe mota, Zibrim bai zare ba, ya kuma ƙara da cajin wayarsa da ƙaramar fankar da ke hura wa injin iska. Aka idar, aka hau, mota ta yi tari ta yi shiru. Fasinjoji suka sauka turi, maza da mata, har da wani mai sanda. Zibrim kaɗai ya zauna a ciki, ya ce ba zai iya barin injin ba. Sai ga yayyafin ƙarshen damina yana shigowa ta tagar da ba gilashi. Ya tuɓe batakarinsa, rigar saƙin da ke jikinsa, ya lulluɓe laftof. Haka Injiniya ya shiga Yendi da singileti, fasinjoji suna yi masa addu'o'in da ba a cewa amin.

Gidan mataimakin shugaban, Alhaji Abdul-Gafar, suka nufa, babban dillalin hatsi, mai ƙaunar gaisuwa fiye da ciniki. A Yendi ba a shiga gidan babba a nufi bango. Durƙusawa ake yi, a gaisa, ana amsawa da "naa" har sai mai gida ya gaji, kuma wannan mai gidan ba a taɓa ganin gajiyarsa ba. Alamar batirin ta riga ta koma ja.

Mai gida ya tambayi hanya. Naa. Ya tambayi gajiya. Naa. Ya tambayi Alhaji Mahama, da matansa, da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi doya, ya tambayi ruwan Makango, ya yi musu sabuwar ta'aziyyar babansu da ya rasu tuntuni. Zibrim na durƙushe, laftof a kan gwiwa, ya hango soket a can kusurwar zaure. Sai ya fara tafiyar agwagwa a tsugune, yana ja da baya kaɗan-kaɗan, yana cewa naa. Asiatu ta lura. Duk lokacin da gaisuwa ta kusa mutuwa sai ta tuna wa Alhaji wani ɗan uwa da bai tambaya ba. Ta kawo goggonsu ta Kpembe, ta kawo mijin goggon. Aka kawo ruwan baƙo, wanda ba a ƙin sha. Zibrim ya shanye a tsugune yana matsawa. Da bayansa ya taɓa bango, ya lalubo igiyar da ke soke, ya zare, ya soka tasa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce naa mai ƙarfi, alhali tambayarsa aka yi ina rigarsa.

Igiyar da ya zare ta bi ta ƙasan ƙofa zuwa ɗakin da Hajiya Fulera, uwargidan mai gida, ke ajiye injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Ba wanda ya sani sai da safe, da ta taɓa ƙwai ta ji su kamar duwatsun rafi. Ta bi igiya har zaure, ta sami Injiniya yana yi wa mai gida bayanin cewa injinsa bai taɓa cutar da kowa ba. Ba ta yi ihu ba. Cikin Hausa ta fara, ta koma Dagbanci, ta rufe da Turanci don kada ya ce bai gane ba. Zibrim ya ce ƙwai abu ne da ake sake yi, amma saiti ba a sake shi. Asiatu ta juyo ta dube shi da kyau, ta ce ai ta ɗauka harafi uku ne. Ya ce lokacin mota ya yi.

Alhaji Abdul-Gafar ya raka su har ƙofa, ya ce shi ma yana tafe Bawku, yana so ya ga abin da zabinsa suka mutu dominsa.

Yadda suka hau dutsen Nakpanduri da laftof a buɗe, da wanda aka roƙa da wanda aka ɓata wa rai a hanya, labari ne mai tsawo. Abin mamaki dai, injin ya isa Bawku da ransa. Zibrim ya rame, idanunsa sun yi ja, amma koren allon na nan. A ganinsa ya riga ya ci shago.

An yi taron a wata babbar rumfa kusa da kasuwar shanu. Akwai janareta, akwai soket nasa shi kaɗai, har an aro majigi don a haska allon a jikin farin zane kowa ya gani. Masu doya, masu hatsi, masu albasa, masu shanu, duk sun zauna. Shugaban ƙungiya, Alhaji Garuba, dillalin shanu ne tun yana saurayi, ba ya yawan magana, yana zaune da sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

Zibrim ya aro riga, ya gyara tabarau, ya yi jawabi. Ya buga devlist, layuka suka zubo a jikin zane, mutane suka gyaɗa kai. Ya rubuta sunansa, injin ya amsa. Ya tambaye shi lokaci, ya faɗa, da kuskuren da bai fi na agogon masallaci ba. Wani mai albasa ya ce to wace mota ce za ta Salaga gobe. Zibrim ya ce wannan mataki na biyu ne. Mutane suka fara sha'awa duk da haka, don koren allo yana da kwarjini. Da ya zauna a nan, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ya ga fuskoki sun saki, sai bakinsa ya ƙwace. Ya ce wannan injin tun damina bai kwanta ba, kuma ba zai kwanta ba.

Alhaji Garuba ya ɗaga kai.

"Tun damina yake tsaye?"

"Tsaye, ranka ya daɗe. Dare da rana."

Masu shanu suka dubi juna. Alhaji Garuba ya ce a sana'arsu, in suka ga mai dabba yana hana ta kwanciya a kasuwa, yana zagaya ta, yana taɓa ta da sanda, sun san dalili. In ta kwanta ba za ta tashi ba. Shi bai taɓa sayen bijimi a tsaye kawai ba. Sai ya ga ya kwanta, ya buga masa sanda, ya ga yadda ya miƙe.

"Kwantar da shi, Injiniya. Mu ga tashinsa."

Zibrim ya ce menfirem ba saniya ba ne. Alhaji Garuba ya ce shi bai san menfirem ba, amma ya san masu sayarwa. Zibrim ya ce kashe shi na iya taɓa wutar Bawku baki ɗaya. Aka ce a janareta ake. Ya ce ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta hana. Sai wani direba daga baya ya ce ai sun ji labarin harafi uku tun daga Salaga. Alhaji Abdul-Gafar ya ce shi ma ya ji, ido a rufe aka ce. Asiatu ta kwance ɗan gyalenta ta miƙa, ta ce in yana bukatar abin rufe idon.

Zibrim ya dubi ƙofa, ya ga an cika ta da 'yan kallo. Ya dubi allon. Ni ina ganin a wannan lokacin ya yarda da kansa, don mutumin da ya faɗi magana sau da yawa, shi ne farkon wanda take kamawa. Ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya rubuta quit, ya danna.

Kore ya tafi. A jikin farin zane sai ga hoton da ke bayan allon: Zibrim da kwat ɗin aro, jingine da motar wani, ya ɗora ƙafa a kan taya. Aka yi 'yar dariya ta ladabi.

Ya sake kunna emuleta. Baƙin allo ya dawo. Ya rubuta harafinsa uku, ya bi su da lambar da ta fara zo masa. Injin ya maido jan layi. A Ghana muke, ko mai jan akuya ya taɓa zama a aji, don haka rabin rumfar suka karanta tare, wani ya fassara wa tsofaffi: ya ce bai san wannan faifan ba. Zibrim ya ce gaisuwa ce irin ta injuna. Ya buga devlist. Babu komai, allo wayam kamar rumbu a bazara. Ya buga attach, ya tsaya, don a nan ake sa lamba da suna, su kuwa suna can cikin kan da ya ishi kakanninsa zuwa Kano. Ya gwada wata lamba. Ja. Ya gwada shekarar haihuwarsa. Ja. Ya gwada lambar motokin ɗin Alhaji Mahama. Mutane suka fara taimaka masa. Mai albasa ya ba da lambar rumfarsa. Wata mai koko ta ce a gwada ranar da aka haife ta. Alhaji Abdul-Gafar ya ce a gwada yawan ƙwan matarsa, ko Allah zai sa su yi wani amfani.

Zibrim ya ce zafin Bawku ne. Aka matso da fanka. Ya ce warin shanu ne ya shiga faifai. Ya ce akwai mai baƙin ciki a rumfar, ya dubi yayarsa. Gumi ya sa tabarau ya zame ya faɗo a kan madannai, ya buga wasu haruffa, injin ya ƙi su kamar yadda ya ƙi na mai tabarau.

Alhaji Garuba ya tashi a hankali, ya zo ya tsaya a kan laftof. Ya ɗan taɓa gefenta da sanda, yadda ake taɓa saniya. Ya jira. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Wannan ta mahauta ce." Ya kira batu na gaba, maganar kuɗin ɗaukar kaya.

Asiatu ta matso kusa da Zibrim. Hannu kawai ta miƙa. Zibrim ya ce makullin yana ƙasan jaka. Ta ce tana da lokaci, albasarta ba ta gudu.

Yanzu in ka sauka a tashar Salaga za ka ga shagon. Allon nan na ƙofa an juya bayansa an rubuta farashin kifi. Firiza tana soke a soket ɗin da injin ya yi damina. Alhaji Mahama ya ce ba za a bar ɗan uwa ba aikin yi ba, don haka Zibrim ne ke tayar da janareta in wuta ta ɗauke, kuma a wannan ba a kai shi gudu ba, ya samu horo. Yana gaya wa masu sayen kifi cewa 'yan Bawku ba su kai matsayin injinsa ba, kuma wasu Turawa na nemansa.

Kowace safiya in Asiatu ta buɗe shago, sai ta kira shi ya zo kusa. Ta kashe firizar, ta jira ƙugin ya tsaya, ta sake kunnawa. Firiza ta ɗauka.

"Ka gani, Injiniya? Ta kwanta, ta tashi. Ɗauko min kwandon can."